Dokar Gida Da Dokar Ɗaki: Saita Harshen PHP Folda-Folda A Kan Na'urar Masauki

Duk lokacin da manyan makarantunmu suka buɗe rajistar ɗalibai, ko wata ma'aikata ta ba da sanarwar ɗaukar ma'aikata ta hanyar intanet, kuka ɗaya a ke ji a bakin shagunan kwamfuta, watau "fotal ya ƙi". Ɗalibi ya cika fom tun daga sunansa har ƙaramar hukumarsa, ya haɗa da hoton takardun shaidarsa, ya danna ya aika, shafi ya yi ta juyi, daga bisani ya dawo masa fanko kamar bai rubuta kome ba. Galibi a kan ɗora laifin a kan raunin sadarwa, wani lokaci kuwa da gaskiya. Amma sau da yawa sadarwa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Abin da ya tare hanya wata lamba ce guda ɗaya a cikin wani ƙaramin fayil, wadda ta zo da na'ura tun ran da aka kafa ta, ba wanda ya taɓa waiwayarta.

Kafin mu kai ga wannan lamba ya kamata mai karatu ya san inda shafin intanet ya ke zaune. Kowane shafi yana ajiye ne a cikin wata kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, ma'aikatan wannan fanni suna ce mata saba, mu kuwa a nan za mu kira ta na'urar masauki. Ƙananan hukumomi da makarantu da yawa ba su da tasu ta kansu, haya su ke yi a wurin kamfani, kuma kamfanin ya kan zuba shafuna masu yawa, na mutane dabam-dabam, a cikin na'ura ɗaya. Gidan haya ke nan sosai: rijiya ɗaya, mitar wuta ɗaya, kowa da ɗakinsa, mai gida kuma ya kafa doka don kada wani ɗan haya ya shanye ruwan kowa.

A ƙofar wannan gida akwai manhajar da ke karɓar baƙi. Mafi shahara a gidajen haya ita ce Apache, wadda ta fito a 1995 daga wata tsohuwar manhaja da Rob McCool ya rubuta a Jami'ar Ilinoi ta Amurka. Abokiyar takararta ita ce Nginx, wadda Igor Sysoev ɗan ƙasar Rasha ya fitar a 2004. Aikinsu na masinja ne, su karɓi buƙata su miƙa amsa. Akawun da ke zaune a ciki yana duba fom, yana lissafin maki, yana ajiye hoto, shi ne rubutun umarnin da aka yi da wani harshe na shirya manhaja, kuma a irin waɗannan shafuna harshen da ya fi yawa shi ne PHP. Rasmus Lerdorf, haifaffen tsibirin Girinland wanda ya girma a Kanada, shi ya fitar da shi a 1995 don kula da shafinsa na kansa, sa'an nan Zeev Suraski da Andi Gutmans suka sake gina shi ya fito a matsayin PHP 3 a 1998. WordPress da jaridu da ma'aikatu ke amfani da shi, da Moodle na koyar da ɗalibai daga nesa, duk da wannan harshe aka rubuta su.

Dokar mai gida

Harshen PHP yana da babban fayil na ƙa'idoji mai suna php.ini, wanda ya ke karantawa duk lokacin da aka tashe shi. A nan ne dokar gida ta ke. In ba a sauya kome ba, ƙa'idar upload_max_filesize ta tsaya a kan megabait 2, watau ba a karɓar fayil guda da ya wuce haka. Ƙa'idar post_max_size ta tsaya a kan megabait 8, ita kuwa tana auna dukan abin da fom ya ɗauko a tafiya ɗaya, rubutu da hotuna gaba ɗaya. An ba kowane aiki megabait 128 na ƙwaƙwalwar na'ura ta hanyar memory_limit, an kuma ba shi sakan 30 ya gama ko a katse shi, ta hanyar max_execution_time.

To, hoton da wayar hannu ta zamani ke ɗauka ya kan wuce megabait 2 cikin sauƙi. In kuma ɗalibi ya haɗa takardu biyar, kowace megabait 3, ya zama 15, ya ƙetare iyakar nan ta 8. Abin da PHP ke yi a nan shi ne ya watsar da kayan duka, har da sunan da aka rubuta, ya miƙa wa akawu kwando babu kome. Fom ɗin nan da ya dawo fanko ke nan. Wannan kuma shi ya sa wanda ya ɗaga ƙa'ida ta farko ya manta da ta biyu bai yi aikin kome ba. Dole ta biyu ta fi ta farko girma.

Mai saurin hannu zai ce ai maganin a bayyane ya ke, a buɗe babban fayil a ɗaga lambobin nan ga kowa da kowa a huta. Matsala ta farko ita ce ɗan haya ba shi da mabuɗin wannan fayil. Ta biyu, ko da ma'aikata ce ke da na'urarta, lambobin ba don ado aka sa su ba. A yi lissafi: na'ura mai ƙwaƙwalwar gigabait 8, in aka ba kowane aiki izinin cin gigabait 1, ayyuka takwas kawai da suka ruɗe a lokaci ɗaya sun isa su durƙusar da ita, shafin biyan kuɗin makaranta da na duba sakamako da na labarai duk su faɗi tare. Alhali kuwa wuri ɗaya ne ya ke bukatar sassauci, watau inda a ke karɓar takardu, ko inda a ke haɗa rahoton ƙarshen zango. Hikimar saiti na folda-folda ke nan: a sassauta a ɗakin da ke bukata, a bar sauran gida a kan dokarsa.

Ma'aikacin Gwamnati ba zai sha wuyar gane tsarin ba, domin ya saba da shi a wajen kashe kuɗi. Akwai abin da shugaban sashe zai sa wa hannu, akwai wanda sai Darakta, akwai wanda sai an kai gaban Babban Sakatare. Haka masu PHP suka raba ƙa'idojinsu aji-aji. Wasu, kamar memory_limit da date.timezone, an yarda a sauya su a ko'ina, har rubutun umarni da kansa yana iya sauya su yana cikin aiki ta hanyar kiran ini_set. Wasu kuwa, kamar upload_max_filesize da post_max_size, ajinsu shi ne PHP_INI_PERDIR, ma'ana a kan sauya su a matakin folda ko sama da haka, amma ba daga cikin rubutun umarni ba. Dalilin a fili ya ke: kafin akawu ya buɗe baki an riga an auna kayan a ƙofa an karɓa ko an mayar, don haka umarninsa ya zo a makare. Ɗalibai masu aikin kammala karatu da yawa su kan kwana suna rubuta ini_set don ƙara girman fayil, suna mamakin yadda na'ura ba ta ce musu a'a ba, ba ta kuma yi abin da suka ce ba. Aji na ƙarshe na mai gida ne shi kaɗai, irin su disable_functions, wadda da ita a ke rufe umarnai masu haɗari. Wannan ko ɗan haya ya rubuta ta sau ɗari a ɗakinsa ba za a saurare shi ba, haka kuwa ya dace.

Ƙofofi uku

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen sanin fayil ɗin da za su rubuta sabuwar dokar a ciki, domin amsar ta dogara ga yadda aka haɗa PHP da masinjan ƙofa.

A tsohon tsari, wanda a ke kira mod_php, PHP yana zaune ne a cikin jikin Apache. A nan fayil ɗin ɗan haya shi ne .htaccess, da ɗigo a farkon sunansa, wanda Apache ta gada daga manhajar nan ta Ilinoi. A kan ajiye shi a cikin foldar da a ke so, a rubuta layi kamar haka: php_value upload_max_filesize 10M. In ƙa'idar ta kunnawa da kashewa ce sai a yi amfani da php_flag. Dokar za ta bi wannan folda da duk 'ya'yanta da ke ƙarƙashinta, nan take kuwa, domin Apache tana leƙa fayil ɗin a kowace buƙata. Wannan leƙe-leƙe yana cin lokaci, shi ya sa masu Apache da kansu su ke ba da shawara cewa wanda ke da ikon taɓa babban saitin na'ura ya rubuta dokarsa a can, ya bar .htaccess ga waɗanda ba su da wannan iko. Har ila yau sai mai gida ya buɗe ƙofar da umarnin AllowOverride, wanda a Apache 2.4, da ta fito a 2012, a rufe ya ke zuwa. Mai gida kuma yana da nasa hatimin, watau php_admin_value, kuma duk abin da ya buga wa wannan hatimi ba ɗan hayar da zai iya warware shi.

A sabon tsari PHP ya fita ya kama ofishinsa dabam, masinja yana aika masa da takarda yana jiran amsa. Shi ne a ke kira FastCGI, mafi yaɗuwar nau'insa kuwa PHP-FPM, wanda aka shigar cikin PHP a 2010. A nan Apache ba ta san kalmar php_value ba sam. Wanda ya kwafo wannan layi daga wani wuri ya liƙa a .htaccess, abin da zai gani shi ne shafin duka ya rufe da saƙon kuskure mai lamba 500, ba foldar kaɗai ba in a tushen shafi ya ajiye fayil ɗin. Layi ɗaya ya isa ya kulle fotal ɗin makaranta a ranar ƙarshe ta rajista. Nginx kuwa ba ta karanta .htaccess ko kaɗan, za ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba. Tana ma da tata iyakar, client_max_body_size, wadda ke zuwa a kan megabait 1, ta kan mayar da babban fayil da lamba 413 tun kafin PHP ya ji labari.

Don masu wannan tsari ne aka kawo fayil mai suna .user.ini a cikin PHP 5.3, a watan Yuni na 2009. Rubutunsa irin na php.ini ne, watau upload_max_filesize = 10M, babu php_value a gaba. PHP da kansa ne ke neman sa, yana farawa daga foldar rubutun da aka kira, yana hawa sama har tushen shafi, dokar da ta fi kusa kuma ita ke rinjaye. Abubuwa biyu ya kamata a riƙe. Na farko, ba ya aiki nan take. PHP ya kan riƙe abin da ya karanta har sakan 300, minti biyar ke nan, kafin ya sake dubawa. Mai gaggawa ya kan gyara, ya gwada, ya ga ba sauyi, ya sake gyarawa, har ya lalata abin da ya riga ya yi daidai. Na biyu ya fi wannan ɓuya: dokar tana bin foldar rubutun da ya karɓi fom ne, ba foldar da a ke zuba hotuna ba. Manhajoji da yawa na zamani suna shigar da kowace buƙata ta ƙofa ɗaya, watau index.php na tushen shafi, to a irin wannan hali .user.ini da aka ajiye can cikin wata folda ba wanda zai taɓa karanta shi.

Ƙofa ta uku ita ce ajiye wani php.ini a cikin foldar kanta, abin da wasu kamfanonin masauki suka yarda da shi a tsarin CGI. Ban cika son wannan hanya ba. A wurare da dama sabon fayil ɗin maye gurbin babban ya ke yi ɗungum, ba ƙari ya ke yi a kansa ba, don haka wanda ya rubuta layi biyu ya zubar da duk gyaran da mai gida ya yi, kuma ba lalle ne dokar ta sauka zuwa ƙananan foldoji ba.

Yaya mutum zai san tsarin da ya ke ciki? Ba sai ya yi canki-canki ba. Ya rubuta ƙaramin fayil mai kiran phpinfo, ya ajiye shi a foldar da ya ke son gyarawa, ya buɗe shi. A saman shafi akwai layin Server API da zai gaya masa ko Apache ce ke riƙe da PHP ko FPM ne. A ƙasa kuma kowace ƙa'ida tana da lamba biyu gefe da gefe, ta gida da ta ɗaki. In ta ɗaki ta sauya, gyara ya kama. Da ya gama ya goge fayil ɗin, domin ya baje sirrin na'urar duka ga duk wanda ya san adireshin.

Ɓarnar da ba ta ihu

Duk waɗannan kurakurai da muka ambata suna da wani alheri guda, watau ana ganinsu, mutane su yi kuka, a gyara. Akwai wanda ya fi su sharri don shiru ya ke yi. A watan Disamba na 2011, a wani taron masana tsaron kwamfuta a birnin Balin na Jamus, Alexander Klink da Julian Wälde suka nuna yadda mutum ɗaya zai iya shaƙe na'urar masauki ta hanyar aika mata fom mai dubban gurabe da aka tsara da gangan. Masu PHP suka mayar da martani a Janairun 2012 da sabuwar ƙa'ida, max_input_vars, wadda ta ce kada a karɓi gurabe fiye da 1000 a fom ɗaya.

Yanzu mai karatu ya ƙaddara malami yana shigar da makin aji mai ɗalibai 400 a shafi ɗaya, kowane ɗalibi da gurbi uku: lambarsa, makin gwaji, da makin jarrabawa. Gurabe 1200 ke nan. PHP zai karɓi 1000 na farko, ya yanke sauran, ya rubuta gargaɗi a wani fayil na rahoto da ba kowa ke buɗewa ba, shafi kuma yana iya nuna wa malam cewa an adana. Ɗalibai 333 na farko sun sami makinsu. Sauran sittin da 'yan kai, waɗanda laifinsu kawai shi ne lambarsu ta zo a ƙarshen jeri, sai sakamako ya fito su ga babu maki, a ce ba su zauna jarrabawa ba, su shiga zirga-zirga tsakanin ofishin jami'in jarrabawa da na shugaban sashe, malam yana rantsuwa ya shigar, kuma gaskiya ya ke faɗa. Irin wannan na iya faruwa da jadawalin albashi ko na ƙarin girma. Masu Moodle sun san da wannan, shi ya sa sababbin fitowarsa ke neman a ɗaga lambar zuwa 5000. A ganina nan ne amfanin saitin folda ya fi fitowa: a ɗaga iyakar a sashen malamai, wanda ba a shiga sai da kalmar sirri, a bar ta a 1000 a shafunan da duniya duka ke iya taɓawa, inda aka yi ƙa'idar dominsu tun asali.

Agogo ma haka ne, ko da ya ke gyaransa ya fi sauƙi. In ba a faɗa wa PHP yankin da a ke ba, lokacin UTC ya ke bi, wanda ke bayan agogon Nijeriya da Nijar da awa ɗaya. Takardar da aka aika da ƙarfe 12 da rabi na daren 1 ga wata za ta ɗauki kwanan watan jiya, abin da ba ƙarami ba ne a wajen neman kwangila ko aikin da aka yanke wa wa'adi. Layi ɗaya ne maganinsa, date.timezone = Africa/Lagos, ko Africa/Niamey ga 'yan'uwanmu na Nijar. Mutanen Gana su dai sun huta, agogonsu da UTC ɗaya ne.

Kada kuma a ɗauka saitin folda na sassautawa ne kawai. Foldar da jama'a ke zuba hotuna ita ce tagar da ɓarawo ya fi so, domin in ya samu ya cusa rubutun umarni da sunan hoto, ya kuma kira shi, na'ura za ta yi masa biyayya kamar ma'aikacin gida. A tsarin mod_php layin php_flag engine off a cikin .htaccess na wannan folda ya kan hana a gudanar da kowane rubutun PHP a wurin. A tsarin FPM kuwa sai an umarci Apache ko Nginx su ƙi miƙa duk fayil mai ƙarewa da.php daga foldar. Haka nan display_errors, wadda ke baje bayanin kuskure a fuskar shafi, tana da amfani a foldar gwaji, amma a shafin jama'a tona asiri ce, don ta kan nuna sunayen foldoji da tsarin rumbun bayanai. Tun da aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya a watan Yuni na 2023, hukumar da ke riƙe da sunaye da hotuna da lambobin shaidar jama'a tana da alhakin tsare su a gaban doka.

Su kansu waɗannan ƙananan fayiloli abin tsaro ne. Saitin da Apache ke zuwa da shi yana hana baƙo karanta duk fayil ɗin da sunansa ya fara da .ht, amma wannan kariya ba ta shafi .user.ini ba, sai an ƙara masa tasa. Kuma akwai ƙa'ida mai suna auto_prepend_file, wadda ke sa a gudanar da wani fayil kafin kowane shafi na foldar. Wasu manhajojin tsaro da ita su ke kafa shingensu, masu kutse ma da ita su ke ɓoye ƙofar baya, su tafi su bar layi ɗaya da ba wanda zai lura da shi. Da ya ke sunayen fayilolin da ɗigo suka fara, manhajar duba fayiloli ba ta nuna su sai an ce ta nuna ɓoyayyu.

Wannan ɓuya tasu ita ce ke cutar da ofisoshinmu a wajen miƙa aiki. Ɗan kwangila ya gina shafi ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ko ɗan bautar ƙasa da ke kula da shi ya gama shekararsa. Bayan wani lokaci a ƙaura zuwa wani kamfanin masauki, a kwashe duk fayilolin da ido ke gani, a bar ɓoyayyun a baya, ko a kwaso .htaccess na tsohon tsari a kai shi gidan da FPM ke aiki. Takardar miƙa aiki da ta lissafa kwamfutoci da kujeru da mabuɗan kabad, ya kamata ta lissafa waɗannan ma: sunan folda, ƙa'idar da aka sauya, lambarta ta da da ta yanzu, dalili, da ranar da aka yi. A cikin .htaccess duk layin da ya fara da alamar # bayani ne da na'ura ba ta karantawa, a .user.ini kuwa alamar ; ce ke wannan aiki, don haka ana iya rubuta dalilin a saman layin kansa, da Hausa ma in an ga dama, don wanda zai gaji kujerar.